Majigin da Ya Nuna Mini Inda Malam Yake Kallo

Muna sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da autata da mijinta, a cikin a-daidaita-sahun da ya ɗauko mana shata. Daga ƙauyenmu da ke bayan Bunkure muka nufi Kura, kuma abin da za mu sayo majigi ne. E, majigi, ni da tsufana, wannan na'urar da ke jefa hoto a jikin bango. Auta ce ke rubuta muku wannan a wayarta, ni ina faɗa, na kuma gaya mata ko kalma ɗaya ta sauya mini ban yarda ba.

Bari in faɗa muku dalili tun yanzu, kada ku ce Hajiya ta fara kallon ƙwallo. Malam, maigidana, shekara tara ke nan da rasuwarsa. Aikinsa buɗe ƙofar ruwa ne a babban kanal, shi ke sakar wa manoman rani ruwa, shi ke rufewa. Shekaru da yawa da suka wuce wasu ɗalibai suka zo da na'urar ɗaukar hoto a kafaɗa, suka ɗauke shi yana aikinsa. Ba mu ƙara jin labarinsu ba sai bana, da ɗaya daga cikinsu, wanda shi ma yanzu ya yi furfura, ya tsinci kaset ɗin a cikin kayansa, ya sa aka juye, ya turo wa surukina a waya. Tsawonsa bai wuce dahuwar shayi ba. Kowa a gidan ya kalla ya yi kuka, ban da ni, domin a wayar nan fuskar Malam ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Idona na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma likita ya ce ba yana ba ce da ake cirewa, hawan jinin ido ne, gani zai yi ta tsukewa daga gefe kamar ana ɗaure bakin buhu. Bai faɗi rana ba, ni ma ban tambaya ba. Na sayar da tumakina biyu na ce a kai ni inda ake faɗaɗa hoto.

Mun bi ta bakin kanal ne, ba ta kwalta ba, don direban ya ce ta fi kusa. Gari bai gama wayewa ba, tururi ya kwanta a kan ruwa fari sol, har ba a ganin ɗaya gaɓar. Ba motsin kowa sai kukan kwaɗi da ƙarar injinmu. Can na hango mutum tsaye a tsakiyar gonar shinkafa, da babbar riga da hula, ya buɗe hannuwa. Na ɗaga murya na yi masa sannu da aiki. Auta ta tuntsire da dariya ta ce, "Inna, mutum-mutumi ne fa, na korar tsuntsaye." Da muka zo kan na gaba, shi ma tsaye ƙiƙam cikin tururi, sai na kawar da kai. Muna gifta shi ya ce, "Barka da asuba, Hajiya." Har direban sai da ya ja salati. Daga nan babu wanda ya ƙara yi mini dariya.

Mun wuce ta ƙofar ruwan da Malam ya yi wa hidima. Ƙarfen ya yi tsatsa, ruwa na bi ta ƙarƙashi yana wani gunji ƙasa-ƙasa. Babu kowa a wurin, amma ga takalman roba ƙafa biyu an jera su tsaf a kan dakalin siminti, suna fuskantar ruwa. Surukina ya ce ko a tsaya. Na gaya wa Auta ta ce masa a wuce.

Da rana ta ɗan ɗago sai duniya ta dawo irin wadda na sani. Matan Filato sun shiga dashen shinkafa, ruwa har ƙwauri, suna waƙa da yarensu, ɗaya ta ɗago ta ce, "Mama, a sauka lafiya!" Kwandunan tumatir jere a gefen hanya suna jiran motocin da za su yi wajen Kadawa, wasu har sun fara zubar da ruwa. Direban ya ce bana kwando ya faɗi warwas, wani manomin kuɗin kwandon da babu komai a ciki ma bai fitar ba. Albasa ce ke da daraja. A bakin Kura muka karya da koko da ƙosai, ƙosai uku naira ɗari biyu, kowanne kamar maɓallin riga. Na ce wa mai suyar ko ita ma majigi za a sa wa ƙosanta a gan shi. Ta ce, "Hajiya, a kai ƙarar mai wake."

Mutumin da muka je wurinsa Bulus ake ce masa, ɗan kudancin Kaduna ne, ya daɗe a Kura har Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Gidan kallon ƙwallo yake da shi a bayan injinan casar shinkafa, yana kuma gyaran majigi yana sayarwa. Wurin tsohon ɗakin ajiyar shinkafa ne, dogo, babu taga ko ɗaya. Ga bencuna jere babu kowa a kai, ga warin ƙaiƙayi, ga jemagu suna motsi a cikin rufi. Hantsi ne a waje, rana tarwai, amma da ya ja ƙofar ƙarfen nan ya rufe, wallahi ko tafin hannuna ban gani ba. Ƙarar injinan ta koma can nesa kamar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. Sai na ce a raina, to, ashe haka abin zai kasance idan bakin buhun ya gama ɗauruwa.

Bulus ya kunna ƙwan lantarki ɗaya ya ce kafin majigi bari in fara ganin talabijin, irin shafaffiyar nan ta bango, don ita ba ruwanta da duhu, ko da rana tsaka ana kallo. Tun kafin ya kunna ta na ƙi ta. Baƙa ce wuluk tana sheƙi kamar ruwan rijiya, na leƙa sai ga wata tsohuwa tana leƙo ni. Da ya sa hoton, haske kam akwai shi, har yana soka mini ido, amma kan Malam bai wuce girman lemo ba, kuma duk inda hoton ya yi duhu sai fuskata ta fito a kan rigarsa. Na ce a kashe. Ban zo daga Bunkure don in kalli kaina ba.

Sai ya ɗauko wani farin yadi a naɗe, ya warware shi zai rataya. Ƙarar yadin nan kawai na ji. Na san wannan ƙarar. Da hannuna na miƙa irinsa ranar da aka yi wa Malam sutura.

Na ce, "Ɗana, naɗe wannan."

Ya ce, "Mama, a kansa hoton ya fi fitowa."

Na ce, "Sau ɗaya ake sa mutum a farin yadi. An riga an sa shi. Ga bango nan."

Ya naɗe shi a hankali ya kai can bayan benci. Yaron kirki ne.

Majigi uku ya jera a kan tebur. Ya faɗi sunayensu da baƙaƙen Turanci, ban riƙe ko ɗaya ba, amma na riƙe halinsu. Na farko ɗan ƙarami ne kamar gwangwanin madara, mai araha, ba ya cin wuta, ba ya zafi. Ya kunna. Ga kanal, ga ƙofar ruwa, ga wani mutum a tsaye, amma duk sun yi fari-fari kamar zanen da ya sha wanki. Fuskar ba hanci ba baki. Muryar kuwa tasa ce sak, tana fitowa daga lasifika a bayana, tana bayanin ranar da ake ba kowane layi ruwa. Ku yi tunanin muryar mijinku a bayanku, a gabanku kuma mutum marar fuska. Na ce a cire wannan, ko kyauta ne ba na so.

Na biyu babba ne. Bulus ya ce a cikinsa gilasai uku ne haske ke ratsawa, shi ya sa launinsa ke da kyau. Gaskiya ne kuwa, shinkafar ta fito kore shar, hular Malam ja kamar yadda na san ta. Sai dai da na matsa kusa, don ni dole sai na matsa, sai na ga duk hoton a bayan wata raga yake, ƙananan gidaje-gidaje, kamar yana cikin gidan sauro ni ina waje. Kuma duhunsa ba duhu ba ne, toka-toka ne. Layin mangwarorin da ke gefen kanal ya zama wani dogon tabo kawai. Akwai wani kuma da ya nuna mana a kwali, mai wani irin haske wai shi leza, wanda ya ce ƙwan fitilarsa ba ya mutuwa da wuri. Da ya faɗi kuɗinsa surukina ya yi tari, ni kuma na ce a gai da mai shi.

Na ukun tsoho ne, an yi amfani da shi, gefensa har ya ɗan ƙone. Ya ce wannan ƙananan madubai ne a cikinsa, da wani faifai mai launi da ke juyawa da gudu. Fankarsa ta fara huci, haske ya taso a hankali, sai ga Malam.

Ba raga, ba hazo. Tsayinsa guda a jikin bango, ƙafarsa a ƙasa daidai da tamu. Ga tabon da ƙarfe ya yi masa a haɓa. Ga zufa a wuyansa. Baƙin hoton baƙi ne na gaske, har ba ka sanin inda bango ya ƙare duhun ɗakin ya fara, kamar an fasa ginin ne ana hango waje. Auta ta ce "Baba" a hankali.

A nan ne abin ya faru. Ina kallo sai na ga wani walƙiya a gefen farar rigarsa, ja da kore da shuɗi, fal, ya ɓace. Na sake dubawa, ga shi kuma a gefen fuskarsa, kamar bakan gizo ya tsage. Duk inda Malam ya motsa launukan nan na biye da shi. Na kama hannun Auta na ce ko tana ganin abin da ke kewaye da babanta. Ta ce ba ta ga komai ba. Mijinta ma ya ce bai gani ba. Mutum huɗu a ɗaki, ni kaɗai ake nuna wa. Na fara karanto duk abin da na iya. Zuciyata ta ba ni abu biyu: ko dai idon ne ya zo tafiya yau ɗin nan, ko kuma na taɓo abin da bai kamata a taɓo ba, na tayar da bawan Allah daga inda yake hutawa.

Bulus ya tsayar da hoton. Ya zo ya durƙusa a gefena ya ce, "Mama, ki gafarce ni, zan yi tambaya. Kina kallonsa ne, ko kina kallo kina kawar da ido?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

Ya ce, "Irin wannan majigin launi ɗaya-ɗaya yake jefowa, da sauri, ido ne ke haɗa su. Wanda ya tsayar da idonsa ba ya ganin komai. Wanda yake fizge ido, shi ke raba su. Tun ɗazu ina lura, kin duba sau ɗaya, kin sunkuyar, kin duba, kin kai gefe."

Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya biyo baya, don gaskiya ya faɗa. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. Shekara arba'in da ɗaya ina gidan Malam, ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa tsayar da idona a fuskarsa ba, balle a gaban mutane. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ina alfahari da hakan har gobe. Na san ƙafarsa, na san hannunsa, na san tarinsa tun daga zaure. Fuskar kuwa a sace nake ganinta. To yau ga ni a gaban surukina, ga baƙo, an ce in zuba wa mijina ido. Idon ya ƙi. Ashe na sayar da tumaki, na ratso tururi, na zo in yi abin da ban taɓa koya ba.

Na ce wa Auta ta gaya wa mijinta ina sha'awar rake, kuma na can bakin tasha nake so. Ya gane, ya fita. Bulus ya nuna wa Auta inda za ta danna, ya ce shi ma zai je ya duba janareta, alhali muna jin janaretan yana aikinsa lafiya lau. Ƙofa ta rufu. Muka rage mu biyu, sai jemagu.

Auta ta mayar da hoton farko. Na dafe benci da hannu biyu, na ɗaga kai, na ajiye idona a tsakiyar fuskarsa na ƙi ɗaukewa. Launukan suka tafi. Ashe girarsa ta hagu ta fi ta dama tsawo. Ashe idan zai faɗi abu mai muhimmanci sai ya ɗan lumshe ido. Shekara arba'in da ɗaya.

Sai Auta ta ƙanƙame ni. Ta ce, "Inna, akwai mutum a ƙarƙashin mangwaron."

Sun kalli hoton nan a waya ya fi a ƙirga, mun kalle shi a talabijin da majigi biyu, babu wanda ya ga kowa a wurin. Amma a wannan, cikin inuwar bishiyoyin, can gefe, wani abu na motsi. Baƙi a cikin baƙi. Yana tahowa a hankali ta cikin inuwa, bai fito rana ba ko sau ɗaya. Auta ta fara salati. Ni kuma na ƙura ido, har na ga ƙwarya a kai, na ga kan a sunkuye, na ga yadda ake dafe ƙugu da hannu ɗaya.

Na ce, "Sake ni, ke. Ni ce. Fura na kai masa. Wancan tudun da kike gani a gaba kuma ke ce, wata bakwai."

Matar ta bi inuwa har ta fice ta gefen hoton, wajen da mai ɗauka yake tsaye. A daidai nan Malam ya yi shiru a tsakiyar magana. Yaran gida duk sun ce mantuwa ya yi, har suna dariyar wurin. Ba mantuwa ba ce. Juyowa ya yi, ya bi ta da kallo, ya ajiye idonsa a ɗan gefe kaɗan, ya daɗe, bakinsa na son yin murmushi yana hana shi. Ni a ranar ina durƙushe ina sauke ƙwarya, kaina a ƙasa, ban san an yi ba. A ɗakin Bulus kuwa, inda idon nan ya sauka, daidai kan bencin da nake zaune ne.

Ba zan faɗa muku abin da na yi ba. Auta ta sani, kuma ba za ta rubuta ba.

Da mazan suka dawo, Bulus ya ba ni shawara tsakaninsa da Allah. Ya ce na biyun ya fi dacewa da ni, tunda ba ya yin bakan gizo, kuma sabo ne. Na ukun ƙwansa ya ci fiye da rabin kwanansa, zai yi ta dusashewa a hankali har ran da zai ɗauke, kuma samun wani sai an aika Kano. Na ce, "To ai mun dace, ni da shi. A ɗaure mini shi." Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya koya wa surukina yadda za a haɗa shi da solar gidan, ya ja kunnenmu kada a zare wayar wuta sai fanka ta gama hucewa, a kuma riƙa rufe shi saboda ƙura. Ya ƙara mana da jakarsa kyauta. Allah Ya yi wa yaron nan albarka.

Mun juyo bayan azahar, rana kamar ta fasa kai, majigi a cinyata ina rungume da shi, ban yarda an sa shi a baya ba. Tururi ya tafi, mutum-mutumin nan duk sun koma tsummokara a kan sanda. Da muka zo ƙofar ruwa ni da kaina na ce a tsaya. Mangwarorin babu ko ɗaya, an sare, an yi gonar albasa a wurin. Takalman da na gani da safe ba sa nan, sai sawun ƙafa jiƙaƙƙe a kan siminti, a wannan zafin. Wataƙila wani manomi ne ya fito daga ruwa yanzun nan. Na duba gabas da yamma ban ga kowa ba, amma ni ba a kafa hujja da ganina. Muka ci rakenmu muka ƙarasa gida kafin la'asar.

Washegari na kwaɓa farar ƙasa na shafe bangon ɗakina da hannuna, na toshe taga da buhunan shinkafa biyu. Sau uku ina matsar da kujerata kafin in sami wurin, ɗan hagu da ƙofa, kusa da randa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ga mai son sayen majigi: ka tafi da hoton da kai kake son gani, kada ka yarda da wanda mai kaya zai sa maka. A rufe ƙofa. Kada hasken ya ruɗe ka, wurin duhun za ka duba, ka ga ko akwai abin da ke ciki. Ka tambayi kwanan ƙwan. Sauran abin da na koya kuwa ba na sayarwa ba ne, kuma na makara da koyonsa.

Yanzu kullum bayan azahar nakan rufe ɗaki in kunna sau ɗaya, ba na ƙarawa, ina tattalin ƙwan. Ganina ya ƙara tsukewa tun daga ranar, gefen bangon ya fara tafiya, amma tsakiya na nan, kuma a tsakiya yake tsaye. Ina zama a kujerata in jira matar nan ta fice ta gefe. Idan ya yi shiru ya juyo, har yau sai idona ya faɗi ƙasa da kansa, in ga ja da kore da shuɗi sun gifta. Sannan in ɗago.